Yaya za a auna ƙwazon makarantu ba tare da an zalunci na karkara ba?

Malamar Lissafi, Gombe: Assalamu alaikum. Duk shekara ana jera sakandare bisa kason ɗaliban da suka ci kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a WAEC. Makarantar cikin gari mai tace ɗalibai da jarrabawar shiga ce ke sama, ta jeka-ka-dawo a Dukku ko Nafada kuwa tana ƙasa. Akwai lissafin da ya fi wannan adalci?

Mai Ƙididdiga, Tudun Wada: Wa alaikumus salam, Malama. Akwai. A auna abin da makaranta ta ƙara wa yaro daga inda ta karɓe shi. A mayar da sakamakon WAEC maki, A1 ya zama 9 har zuwa F9 ya zama 1, a haɗa da makin da yaron ya samu a BECE, wato jarrabawar kammala JSS3. Daga ɗaliban jiha duka a fitar da layin hasashe: mai maki kaza a JSS3, nawa ya saba samu a SS3? Ratar da ke tsakanin hasashen da abin da ya samu, ita ake ɗaukar matsakaicinta a kowace makaranta. Ingila ta fara irin wannan a 2016, da sunan Progress 8.

Inda aikin ke lalacewa shi ne wajen haɗa sunaye. Muhammad a nan, Mohammed a can, sai yaro ɗaya ya zama biyu. Dole a ba kowa lamba guda. Kuma kada a gauraya makin BECE na jiha da na NECO, ma'auninsu ba ɗaya ba ne.

Jami'in Sa Ido, Kaltungo: Malam ya yi daidai, amma a kula da ƙananan makarantu. Inda ɗalibai 25 ne, yaro ɗaya kashi 4 ne cikin 100. Idan rabinsu suka ci, kuskuren ƙiyasi na iya kai wajen kashi 20 sama ko ƙasa. A makaranta mai 400 kuwa, kusan 5 ne. Shi ya sa ake amfani da lissafi mai hawa biyu, ɗalibi da makaranta, wanda ke jan sakamakon ƙanana zuwa matsakaicin jiha. A haɗa shekara 3 kafin a ce uffan.

Tsohuwar Shugabar Makaranta, Bajoga: 'Ya'yana, ku ƙirga daga rajistar SS1. In ba haka ba, makarantar da ta hana raunana rajistar WAEC ita za ta yi fice, yarinyar da ta bar karatu a SS2 kuma ta ɓace a lissafin. Cibiyar da aka kama da satar amsa, a cire ta kafin a ja layin hasashen, don makinta na bogi zai karkatar da na kowa.