Kelly Clarkson da gasar waƙa ta talabijin: wanda ya ci, waƙarsa yake rerawa?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata ce ta sa na kawo wannan tambaya. Tun tana ƙaramar sakandare take rubuta waƙa, kuma wallahi Allah ya ba ta murya. Yanzu ta dage sai ta shiga irin gasar nan ta talabijin da masu kallo ke zaɓen gwani da ƙuri'a. Da an yi magana sai ta kawo Kelly Clarkson, wai ita ma 'yar talakawa ce, gasa ta fito da ita. Batun yardar iyaye a gida za mu yi shi. Abin da nake son sani shi ne, wanda ya ci irin wannan gasa, abin da ya rubuta yake rerawa ko ba shi ake yi? Don ita rubutun ne ranta.

Abu Sadik mai situdiyo:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Sana'ata haɗa kiɗa, kuma na daɗe ina bin labarin matar nan.

Ƙanwarki ta faɗi gaskiya. A jihar Texas ta Amurka aka haifi Kelly a 1982, iyayenta suka rabu tana shekara 6, ta tashi hannun uwa cikin rashi. Ta tafi Los Angeles neman sa'a, gobara ta cinye inda take haya, ta koma gida. A 2002 ta shiga zangon farko na gasar American Idol a tashar Fox, ran 4 ga Satumba ta kayar da Justin Guarini da kashi 58 cikin ɗari na ƙuri'u, aka ba ta kwantiragi da kamfanin waƙa na RCA.

To nan ya kamata ƙanwarki ta buɗe kunne. Duk makonnin gasar waƙoƙin wasu Kelly take rerawa. Ita kanta waƙar daren nasara an rubuta ta tun ba a san wa zai ci ba, shi ma Justin an naɗi tasa muryar an ajiye ko da shi za a zaɓa. A 2003 kwantiragin ya tilasta mata fitowa a wani fim tare da shi. Ta sha faɗa cewa ba da son ranta ta yi ba, fim ɗin kuma ya faɗi warwas.

Amma Kelly tana da nata rubutun. Tana shekara 16 ta rubuta "Because of You", kukan ɗiyar da ta ga auren iyayenta ya mutu a gabanta, har ta girma tana tsoron yarda da kowa. A bidiyon akwai inda yarinya ta kawo wa ubanta zanen da ta yi, bai ko tsaya ya duba ba. Kamfani ya ƙi sa waƙar a albam na farko. Ita da bakinta ta ce an kushe rubutun, wai baitocin ba su da amsa-amo. Sai da ta yi tsayin daka aka sa ta a albam na biyu, Breakaway, a 2004. Albam ɗin ya haura kwafi miliyan 12 a duniya, ya kawo mata Grammy biyu, wato babbar lambar yabon mawaƙa ta Amurka, a 2006, waƙar da aka raina kuma tana cikin waɗanda suka fi tafiya.

Wannan wurin yana taɓa ni sosai, don ko a ɗakin aikina na sha ganin mai kuɗin aiki ya shigo ya sa a cire baitin da ya fi kowanne nauyi, wai ba a rawa da shi. Sai ka ga mawaƙin ya sunkuyar da kai ya ja biro a kan layin.

Babban rikicin a 2007 ya zo. Ta sa hannu a rubutun kowace waƙa ta albam na uku, My December, mai cike da ɓacin rai da ɗaci. Clive Davis, wanda kamfanin ke ƙarƙashinsa a lokacin, ya so a canza waƙoƙi a kawo marubutan da kasuwa ta sani. Ta ƙi. Albam ya fito yadda take so, ya shiga a na biyu a jadawalin Billboard na albam ɗin da suka fi ciniki a Amurka, amma cinikinsa bai kama ƙafar na baya ba. An soke rangadin da ta shirya na manyan filaye saboda tikiti bai tafi ba, ta kuma rabu da manajanta. Ni dai a kunnena babu albam ɗin da ya fi kama da ita kamar wannan. Sai 2016 ta fita daga waccan yarjejeniya ta koma kamfanin Atlantic, bayan shekara 14, ta ma kwatanta zamanta da RCA da auren haɗi.

Zainab ta Zariya:

Malam Abu, ka ɗan matsa wa gasar da yawa. Ba don ita ba wa zai ji muryar Kelly, balle a yi rigima kan baitinta? Kuma kamfanin ba kullum yake kuskure ba. Waƙar da ta fi ɗaga Breakaway ƙwararrun marubuta su Max Martin suka rubuta, kuɗin da waƙar ta kawo su suka ba Kelly bakin cewa a'a a 2007. Daga baya ta ƙara Grammy a 2013, ta zama mai horar da 'yan gasa a gasar waƙa ta The Voice a 2018, ta buɗe shirinta na hira a talabijin a 2019. Duk daga ƙofar nan ta shigo. Anti, kar a kashe wa yarinya gwiwa.

Ɗan Sabon Gari:

Mu duba na gida ma. Timi Dakolo ya ci Idols West Africa a 2007 da alƙawarin kwantiragin kamfanin Sony BMG, amma albam ɗinsa na farko sai 2011. Omawumi da ta zo ta biyu ta riga shi, a 2009 ta fitar da nata. Johnny Drille bai ci gasar Project Fame ba a 2013, ya koma ɗakinsa yana rubutawa yana haɗa kiɗansa da kansa yana sakawa a intanet, har Don Jazzy ya ɗauke shi kamfaninsa na Mavin a 2017. Wani lokacin wanda bai ci ba ya fi sakewa.

Abu Sadik mai situdiyo:

Malama Zainab, ban ce kar ta shiga ba, kuma maganarki kan kuɗin Breakaway haka take. Damuwata takarda ce. Irin waɗannan gasa tun wurin tantancewa ake miƙa wa yaro fom, ya sa hannu cikin zumuɗi yana kan layi, bai rera ko baiti ɗaya ba. Maman Ilham, idan gida sun amince, a karɓo fom ɗin a kai wa lauya ya duba abu uku: albam nawa za a ɗaure ta da su, wa ke da ta cewa kan waƙar da za ta fita, kuma waƙoƙin da ta rubuta kafin gasar na wa za su zama. Kafin nan ta yi musu rajista da sunanta a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, kuma kar ta rera sabuwar waƙarta a wurin tantancewa sai an gama wannan.