Hoton wurin shiga laftof ya ƙi canzawa: wa ya taɓa fama da wannan?

Ɗalibi daga Samaru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Watan jiya na sayi laftof ta hannu a Sabon Gari, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Lafiyarta ƙalau, batirinta ma yana riƙe caji. Abu ɗaya ne ke damuna. Duk sanda na kunna ta, a wurin da ake sa lambar sirri tambarin wani kamfani ne ke fitowa, da rubutu cikin harshen da ban sani ba. Hoton marigayi Babanmu nake so in sa a wurin, wanda aka ɗauke shi a kan doki ranar hawan sallah. Hoton cikin kwamfutar ya canza ba gardama, na wurin shiga ne ya ƙi. Wani abokina ya ce sai dai a yi mata fomatin, ga shi kuma aikin furojet ɗina duk yana ciki. Don Allah wanda ya taɓa gamuwa da haka ya faɗa mana yadda ya yi.

Malama daga Gyallesu:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Ƙanina, fara da mai sauƙi. Ni tawa maɓalli ɗaya ne kawai yake kashe. Ka shiga Settings, Personalization, Lock screen, ka gangara ƙasa, za ka ga Show lock screen background picture on the sign-in screen. In a kashe yake, ko ka zaɓi hoto ba zai biyo ka wurin lambar sirri ba. Mako biyu na yi ina neman abin da ke gabana.

Ɗan Tudun Wada:
Tawa kuma Windows ɗin ne ba a tabbatar da lasisinsa ba. Duk wurin zaɓen hoto ya dushe, ba ya dannuwa, ga rubutu a sama yana cewa sai an yi activate. Da na sa lasisi na gaskiya, a take komai ya buɗe.

Mai gyara a unguwar PZ, Zariya:
Malam ɗalibi, kada ka yarda a yi mata fomatin tukuna. Ina jin zafin yadda ake goge wa yara aikin shekara guda saboda abin da minti 10 zai gyara. Tunda ka ce tambarin kamfani ne, kusan na san inda matsalar take, don irinta ta sha zuwa kan teburina.

Waɗannan kwamfutocin a ofisoshi suka yi aiki kafin su iso hannunmu. Ma'aikatan kamfanin sukan kafa doka a cikin Windows cewa hoto kaza ne zai riƙa fitowa, kuma ba mai ikon canza shi. Mai sayarwa sai ya buɗe sabon asusu kawai ya miƙa maka, dokar tana nan daram. Alamarta, a saman shafin Lock screen za ka ga an rubuta cewa wata ƙungiya ce ke kula da wasu saituna.

In Windows 10 Pro ko Enterprise ce, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta gpedit.msc. Bi Computer Configuration, Administrative Templates, Control Panel, Personalization. Dokoki biyu za ka nema: wadda ta fara da Force a specific default lock screen, da wadda ta fara da Prevent changing lock screen. Mayar da kowacce Not configured, ka sake kunna kwamfutar. In Home ce ba ta da gpedit, sai ta regedit, wato wurin gyara rajistar saitunan Windows, a ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Policies\Microsoft\Windows\Personalization, a cire LockScreenImage da NoChangingLockScreen. Amma wannan wurin ba na wasa ba ne. Kwashe furojet ɗinka a filash kafin ka taɓa komai, kuma in hannunka bai saba ba, kai wa wanda ya saba.

Sai abu ɗaya da nake so kowa ya kiyaye. Leƙa Settings, Accounts, Access work or school. In har ka ga kwamfutar tana ɗaure da asusun kamfanin, maganar ta wuce ta hoto. Mayar wa wanda ya sayar maka ya yi bayani.

'Yar unguwar Kongo:
Yallaɓai mai gyara, Allah Ya saka da alheri. Tawa daban ce, amma bari in ajiye ta ko za ta amfani wani. Windows Spotlight nake amfani da shi, wanda ke kawo hotunan duwatsu da teku da kansa. Sai ya tsaya a hoto ɗaya wata da watanni. Ashe ni na sa intanet ɗin wayata a matsayin metered connection don kada data ta ƙare, shi kuma ba ya sauko da sababbin hotuna a haka. Ranar da na hau wani layin da ba a ƙayyade ba, washegari hoto ya canza. Daga baya ma hoton 'yata na sa na huta.

Ma'aikacin jinya daga Shika:
Ni hoton ya hau, amma da na zo sa lambar sirri sai ya yi hazo-hazo kamar lokacin hunturu. Na ɗauka allon ne ya fara lalacewa. Ashe tun sabuntawar Windows 10 mai lamba 1903 ta shekarar 2019 aka tsara shi haka. Na kashe Transparency effects a ƙarƙashin Colors, hoto ya fito tar.

Ɗalibi daga Samaru:
Alhamdu lillahi. Yaya mai gyara, yadda ka faɗa haka na tarar, dokokin biyu duk a kunne. Na fara kwashe furojet a filash, na mayar da su Not configured, na duba asusun aiki ban ga komai ɗaure ba. Malama, maɓallin da kika ambata shi ma a kashe yake, sai da na kunna shi. Yanzu ina buɗe murfin Baba nake fara gani da rawaninsa. Jiya na kai wa Inna ta gani a cikin gari, ta daɗe riƙe da kwamfutar ba ta ce in sa lambar sirri ba. Na gode muku duka.