Akurkin kaji mai siffar baka: wa ya taɓa gwadawa a Bauchi?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawara a kan akurkin nan da nake gani a bidiyo, wanda ake lanƙwasa ragar ƙarfe ta zama kamar baka, sannan a lulluɓe ta da tamfol. Kajin Noila 50 nake son zubawa a bayan gidanmu a Fadaman Mada, ga shi kuɗin bulo da kwano ya fi ƙarfina. A ina zan samu ragar?

Mai Walda: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wadda kike gani a bidiyo ta Amurka ce, da ita suke killace shanu. Tsawonta ƙafa 16 ne, kuma idan an lanƙwasa ta a kan gindi mai faɗin ƙafa 8 tana ba da tsayin kusan ƙafa 6. Ni dai ban taɓa cin karo da ita a wajen masu kayan gini ba. Abin da nake yi wa mutane shi ne in raba rodi mai mita 12 gida biyu, in lanƙwasa kowane rabi a kan faɗin mita 3, sannan a bi shi da ragar kaji. Babban mutum zai shiga ba tare da ya sunkuya ba.

Baban Yelwa: Hajiya, kafin ki sayi ko ƙusa ɗaya ki saurari abin da ya same ni. Bara na yi irinsa, na ja tamfol har ƙasa ta kowane gefe don gudun sanyin hunturu, kuma a lokacin ya yi mini daidai. Da watan Afrilu ya kama, wata rana na dawo daga sallar azahar na tarar da kajin sun buɗe baki suna haki, sun saki fikafikai, shida kuma sun riga sun mutu a gindin mazubin ruwa, domin cikin akurkin ya koma kamar tanda. Na naɗe tamfol ɗin zuwa rabi, na ɗauka an gama. Ashe da sauran rina a kaba, domin iskar farkon damina ta shiga ta ƙasa cikin dare ta ɗaga akurkin ɗungurungum ta kifa shi a kan katangar maƙwabcina, saboda ajiye shi kawai na yi a kan katako, ban kafa turaku ba. Katakon ma da muka juya shi, gara ta cinye cikinsa. Idan za ki yi, ki kafa turakun ƙarfe masu zurfi a kusurwa huɗu da tsakiya, ki bar gefuna a buɗe sai raga, ki kuma miƙar da tsawonsa daga gabas zuwa yamma don kada rana ta riƙa dukan gefensa.

Uwar Biyu: Allah ya mayar da alheri, Baba.

Malamar Gwallameji: Me ya kai ku ga tamfol alhali ga zana? Ni zana biyu na ɗora a kan nawa, ko da tsakar rana akwai sanyi a ciki.

Mai Walda: Malama, zana ba ta tare ruwan Agusta, kuma da zarar buntun shinkafar da ke ƙasa ya jiƙe, gudawar jini ce za ta biyo baya.

Malamar Gwallameji: Ai Malam ba ka bari na ƙarasa ba. Akwai leda mai kauri a ƙarƙashin zanar, a tsakiya kawai. Ku masu walda duk abin da ba ƙarfe ba ne ba ya burge ku.

Baban Yelwa: Na manta da gafiya. Ragar kaji ba ta hana ta, ta ƙasa take haƙowa, saboda haka a binne ragar kamar ƙafa ɗaya a kewaye.

Ɗan Autan Zaure: Baba, to maƙwabcin naka ya dawo maka da kajin da suka faɗa gidansa kuwa?

Baban Yelwa: Ya dawo da su, ɗana, sai dai lissafina da nasa ba su zo ɗaya ba.

Uwar Biyu: Malam Mai Walda, rodin da ka ambata mai milimita 10 ne ko mai 12? Gobe nake son aika yaro ya tambayo farashi.