Ina son kafa da'irar duwatsu a gonata, ta ina zan fara?

Dan Gona: Salam 'yan uwa. Bara aiki ya kai ni Gambiya, na leƙa Wassu inda duwatsun nan suke tsaye a da'ira, guda 11 ne da'irorin, jajaye, wasu sun fi ni tsayi, kuma da na taɓa sai na ga ashe marmara ce irin tamu aka sassaƙa. Wallahi tun ranar abin bai fita raina ba. Ina da fili a bayan gona kusa da kuka, so nake in jera irinsu, wajen zama da zikiri da yamma. Wa ya san yadda ake kafawa? Kuma akwai matsala a addini?

Magini77: Wslm. Fara da turke a tsakiya, ɗaura igiya mita 3 ka zagaya kana shata ƙasa. Kashi ɗaya cikin uku na kowane dutse sai ya shiga rami, a cusa ƙananan duwatsu a daddaɓe sosai, in ba haka ba damina ɗaya zai karkata. Kada ka raina nauyi Alhaji, dutse mai ƙwari mita ɗaya ta kowane gefe ya haura tan 2 da rabi, leburori ba za su ɗaga ba sai da mota mai ƙugiya. Marmara ta fi sauƙin sara amma tana marmashewa a gefe. Ni dai iya ƙugu nake ba ka shawara, saboda yara.

Maman Hanifa: Yaya, ka san na Wassu kaburbura ne ko? An tono ƙasusuwa a ƙarƙashinsu, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2006 tare da na Sine Ngayen a Senegal. Nan Ingila ma har yau masu addinin gargajiya na kwana a Stonehenge, wata tsohuwar da'irar manyan duwatsu, wajen 21 ga Yuni suna jiran fitowar rana, wasunsu na kafa ƙanana a filayensu, ibada ce a wajensu. Tsorona ba niyyarka ba ce, bayan ranka ne, jikoki su taso su ga wajen kaka sai wani ya fara kai zakara.

Malam Na Tsangaya: Gaskiya ta faɗa. Dutse dai dutse ne, amma ajiye shi da sunan tsarki nan ne haɗarin. Ai muna da namu, masallacin gona da iyayenmu ke shatawa da duwatsu, a share ciki, a bar ƙofa, a fitar da ɗan lungu ta alƙibla. Ranar 28 ga Mayu misalin 10:18 na safe agogon Najeriya rana na saitin Ka'aba, kafa sanda a miƙe, ka fuskanci rana inuwar na bayanka, alƙiblarka kenan.

Dan Gona: Na gode ƙwarai. Maganar zakaran nan ta tsaya min a rai. Zan yi shi masallaci, duwatsu iya gwiwa, in jira Mayun. Magini77 mita 3 zai ɗauki sahu biyu?