Ma'aunin h ɗina 5 ne kawai, haka ake auna mai lissafi da kwamfuta?

Ɗan Adar (Tawa):
Assalamu alaikum malamaina. Ina koyar da lissafi a nan Tawa. Bincikena kan tafiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa ne: a yayyanka yanki ƙanana-ƙanana, kwamfuta ta ƙiyasta amsar da alƙalami ba ya iya fiddawa. Ina haɗa dosiyen CAMES, hukumar Afirka da ke duba ƙarin girman malaman jami'a, ina kuma neman tallafin bincike daga waje, su kuwa masu tallafin sun nemi ma'aunin h, wato lambar da ke nuna yadda ake ambaton maƙalolin mutum, da sunayen waɗanda na yi aiki da su. A shafuka biyu masu ƙidayar ambato, Google Scholar ya ba ni 5, Scopus ya ba ni 3. Abokina na fannin lafiya, tare muka ƙare doktora, nashi ya haura 15. Abin yana damuna ƙwarai. Wanne zan rubuta? Manhajar da na rubuta kuma, wadda ɗalibai ke aiki da ita, ba ta shiga ƙidaya?

Tsohon Malami (Yamai):
Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka. Jorge Hirsch, masanin fizik a Amurka, shi ya ƙirƙiro ma'aunin a 2005. Idan an ce h ɗinka 5, kana da maƙala 5 da aka ambaci kowace aƙalla sau 5. Scholar yana kwashe komi, har kundin ɗalibai da abin da aka ajiye a rumbunan maƙaloli na intanet irin su HAL da arXiv. Scopus kuwa sai mujallun da ke cikin rajistarsa. Duka biyun gaskiya ne. Rubuta su tare, ka faɗi inda ka samo kowane da ranar da ka duba.

Amma daina auna kanka da likita. Su maƙala ɗaya kan ɗauki sunaye goma ko fiye, da doguwar jerin ambato a ƙarshe. Mu biyu ne ko uku, kuma aikinmu a hankali ake gano shi. A 2008 ƙungiyar masana lissafi ta duniya, IMU, da wasu ƙungiyoyi biyu sun fitar da rahoto kan wannan. Sun nuna kusan kashi 90 cikin 100 na ambato a lissafi yana faɗawa wajen shekaru 2 ɗin da ake auna tasirin mujalla da su. Ka ga irin waɗannan ma'aunai tun farko ba don irinmu aka ɗinka su ba.

Abin da nake roƙonka: in wasu suka ce "ambace mu, mu ambace ka", kada ka shiga. Irin wannan maguɗi ne ya sa kamfanin ƙidayar ambato Clarivate ya cire fannin lissafi ɗungurungum daga jerin waɗanda aka fi ambato a 2023. Ƴan kwamitin CAMES kuma malamai ne na fanninka, maƙalolin da kansu suke dubawa da mujallar da suka fito.

Ƴar Yantala:
Malam ya gama magana kan lamba, bari in taɓa abokan aiki. Shiga zbMATH Open, rajistar maƙalolin lissafi, kyauta ne tun 2021, ba kamar MathSciNet da sai jami'a ta biya ba. Zai nuna maka kowa da kuka yi rubutu tare da sau nawa.

Kafin komi duba sunanka. Mu ƴan Nijar wannan yana cutar mu sosai: nan an rubuta sunan da "ou", can da "u", wata mujalla ta ɗauki sunan mahaifi ta sa gaba, sai mutum guda ya rabu gida uku, ambatonsa ma ya rabu. Buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike, ka haɗe su wuri ɗaya. Ni sai da na yi haka wasu maƙalolina suka dawo gare ni.

Masu tallafi kuma suna son ganin ko ka tsaya da ƙafarka. In duk rubutunka da malamin da ya duba doktoranka ne, za su lura. Fito da wanda ka yi da masanin ruwa, ko da ɗalibinka. A faɗa musu ma cewa a lissafi galibi bisa haruffa ake jera sunaye, don kada su ɗauka na ƙarshe bai yi komi ba.

Ɗan Adar (Tawa):
Na gode Malam, na gode yaya. Na duba yanzu, lallai sunana ya kasu biyu a Scopus. Saura maganar manhaja.

Mai Kod:
Tana shiga, in ka ba mutane hanyar ambatonta. Jack Dongarra ya sami kyautar Turing ta 2021, babbar kyautar fannin kwamfuta, kan tarin manhajojin lissafi irin su LINPACK da LAPACK, alhali da yawa masu aiki da su ba su taɓa ambatonsa ba. Ɗora taka a GitHub, shafin ajiye manhaja, ka haɗa da rumbun Zenodo ya ba ka lambar DOI kyauta, wato lamba ta dindindin da ake ambaton aiki da ita, ka rubuta a shafin farko yadda za a ambace ta. Kowane ɗalibi da ya yi kundi da ita ya sa wannan lambar. A takardar neman tallafin kuma ka ware sakin layi guda: me take warwarewa, su wa ke aiki da ita, a kan wane yankin ruwa aka gwada ta.