Wai littafin Hausa ba ya ɗaga mace?

'Yar Jami'a: Salamu alaikum yan uwa. Yayata ce aurenta ya mutu, tana gida tana idda, kullum a ɗaki ba ci ba hira, shi ne na ce bari in haɗa mata abin karantawa ko zuciyarta ta ɗan farfaɗo. Na samo mata Becoming na Michelle Obama da littafin Malala. Ummanmu ta ce in haɗa da na Hausa, ni kuwa na ce a'a, kar wanda ya ji haushi amma littafin Hausa ba abin da yake koya wa mace sai mallakar miji da gaba da kishiya. Macen da ke son tsayawa da ƙafarta na Turanci za ta nema.

Uwar Biyu: Tab, yau akwai kallo. Bari Anti Malama ta gani.

Anti Malama: Na gani ai. 'Yata, kin karanta Wa Zai Auri Jahila? kuwa? Na Balaraba Ramat Yakubu, 1990 ya fito, ina jin ko auren Ummanku ba a yi ba lokacin. Yarinya ce Abu aka cire ta daga makaranta aka aura wa tsoho, ta gudu ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya, waɗanda suka raina ta suka dawo suna neman ta. Kuma ita marubuciyar ba a littafi ta karanto wannan rayuwar ba, ita ma cire ta aka yi aka mata aure tana yarinya ƙarama, auren ya mutu, sai a makarantar yaƙi da jahilci ta ɗora karatunta, duk da kasancewarta ƙanwar Janar Murtala. Yanzu tsakani da Allah yayarki da ke zaune a ɗakin uwarta da takardar saki, wa ya fi kusa da ita, wannan ko matar tsohon shugaban Amurka?

'Yar Jami'a: Anti ai ita ma Michelle ba a fadar shugaban ƙasa aka haife ta ba, 'yar talakawan Chicago ce, babanta a ma'aikatar ruwa yake aiki ga shi ba lafiya, da karatu ta kai Princeton da Harvard. Kuma guda ɗaya kika kawo min, sauran dubun fa?

Uwar Biyu: Anan kam ina bayan yarinyar nan Anti ki yi haƙuri. Ku duba abin da ake turo mana a waya yanzu, kullum wani hamshaƙin saurayi ne miskili mai jirgi, yarinya yar talaka kyakkyawa fara mai gashi har gadon baya, ya wulaƙanta ta shafi ɗari biyu sannan ya kamu da sonta, shi ke nan wai ta yi nasara a rayuwa, a biya kuɗi a shiga gurup na musamman a karanta ƙarshen. Ni kaina na karanta sun fi a ƙirga ba zan yi ƙarya ba, suna da daɗi lokacin da yara suka yi barci amma ban taɓa tashi daga kansu na ji ina son koyon sana'a ba.

Hajiya Mai Atamfa: To ni na tashi. Wallahi Alhaki Kuykuyo Ne, na ita Balarabar dai, shi ya sa na fara saida abinci a ƙofar gida lokacin da nawa auren ya mutu, kafin Allah ya buɗa na koma harkar atamfa. Rabi ce da 'ya'ya tara, Alhaji Abdu ya auro Delu ya kore ta, ba ta zauna kuka ba ta ɗora tukunya ta ci da yaran ta biya musu makaranta. Na karanta wajen nan na ce in Rabi za ta iya ni me ya hana ni. Ku da kuke ganin sai an yi Turanci abu yake daraja, shi wannan ɗin ma an fassara shi ai, Aliyu Kamal ne ya yi, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012, Indiyawa na can suna karanta Rabi ke kina nan kina cewa ba komai a ciki.

'Yar Jami'a: Hajiya wannan kam na karanta shi, na Ummanmu ne. Ki faɗi ƙarshen mana. Da shagon Alhaji Abdu ya ƙone ya tsiyace ba ita Rabin aka taru aka matsa wa ta koma masa ba? Duk wahalar da ta sha. Shi zan ba yayata ta karanta, ta ga cewa komai ƙoƙarinki ƙarshe maza za su zauna su yanke miki hukunci?

Hajiya Mai Atamfa: Hmm. Wajen nan ni ma ya ci min rai, ban ƙi ba.

Anti Malama: Ya ci wa kowa rai, kuma ina ganin don ya ci ɗin aka rubuta shi haka. Da an ce Rabi ta zama attajira ta auri gwamna da tuni kin manta littafin, ga shi yanzu shekara nawa kina jin zafinsa. Marubuciyar abin da ake yi ta nuna miki ba abin da ya kamata a yi ba. Kuma kar mu manta wahalar da matan nan suka sha kafin a ji muryarsu, Hafsat Abdulwaheed da ta rubuta So Aljannar Duniya sai da ya shiga gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya sannan aka buga shi a 1980, a 2007 kuma a Kano tara littattafan Hausa aka yi aka cinna musu wuta wai suna ɓata tarbiyyar yan mata. Wasu sun ce ɓata tarbiyya, ke kin ce ba komai a ciki, su ji da wanne?

'Yar Damagaram: Ku ba ni wuri in sa baki. Ni rabon nan na Hausa da Turanci ne ban gane ba, kamar harsuna biyu ne kawai a duniya. Mu nan a lakkwal da Faransanci muka karanta na Mariama Bâ ta Senegal, ku a Najeriya kun san shi da So Long a Letter, 1979 ya fito. Ramatoulaye tana cikin takaba take rubuta wa ƙawarta Aissatou wasiƙa, mijinta ya auri ƙawar 'yarsu ya watsar da ita da 'ya'ya 12, ita ta zauna ba ta fita ba, ita kuma Aissatou da aka mata kishiya ta kwashe 'ya'yanta ta tafi ta yi karatu ta samu aiki har ta saya wa ƙawarta mota. Mata biyu hanya biyu kuma littafin bai zagi ko ɗaya ba. Musulmai ne kamar mu, gidan mutuwa da dangin miji da rabon kaya duk sak irin namu. Siriri ne kuma, wadda ba ta da kuzari ma za ta gama shi a kwana biyu. Ƙanwata in dai na waje kike so wannan ya fi dacewa da mai idda.

Uwar Biyu: Haka ne, mu ma mun yi shi a sakandare. Akwai The Stillborn na Zaynab Alkali ma, 1984, yar arewa ce da Turanci ta rubuta, to wannan a wane layi za ki sa shi yar jami'a?

Malamar Islamiyya: Ina ta bin ku ban ji wadda ta ambaci Nana Asma'u ba, abin ya ban mamaki. 'Yar Shehu Usmanu, an haife ta 1793 ta rasu 1864, da Larabci da Fulatanci da Hausa take rubutu. Ita ta kafa 'Yan Taru, ta zaɓi dattawan mata ta naɗa su jaji ta ba su malfa, su shiga ƙauyuka su koyar da matan da ba za su iya zuwa wajenta ba, da waƙoƙinta ake karatun ana haddacewa ana rerawa. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara rubuce-rubucenta a 1997. Ke da kika ce rubutun Hausa bai wuce kishiya ba, wannan tun kafin Bature ya ci Sakkwato da yaƙi ne.

'Yar Jami'a: Malama ai ba wanda zai ja da Nana Asma'u, amma ni labari nake magana ba waƙa ba, kuma wancan kundin ƙato ne, yayata da ko sallama da ƙyar take amsawa ba za ta ɗaga shi ba.

Malamar Islamiyya: Su ma matan ƙauyen ba ɗaga kundi suke ba, zuwa ake a zauna da su a karanta musu. Ke kin taɓa zama kin karanta mata ko shafi ɗaya, ko miƙawa kika yi kika fito?

'Yar Jami'a: Miƙawa na yi gaskiya. Na leƙa ɗazu suna nan kan durowa ko ledar ba ta cire ba. Amma har yanzu ina kan bakana a kan na waya ɗin nan, kuma Alhaki ba zan ba ta ba sai ta gama idda. Na Senegal ɗin zan nema, sai Wa Zai Auri Jahila in akwai mai shi a nan ta ara min.

Hajiya Mai Atamfa: Nawa wata maƙwabciya ta ara tun muna tsohon gida, har yau. Anti Malama ke fa?

Anti Malama: Ina da shi amma bangon ya cire kuma shafin ƙarshe babu, ki turo yaro gobe bayan la'asar. In kun kai wajen ku kira ni in ba ku ƙarshen da baki.