Hosta ta ta ƙi girma a inuwa, me nake yi ba daidai ba?

Uwar_Furanni:
Assalamu alaikum ƴan uwa masu lambu, dan Allah ina neman shawara. Shekara 3 kenan da na dasa hosta, wata shukar ado ce mai faɗin ganye, guda biyu a bayan gida ƙarƙashin wata babbar bishiya, wajen inuwa ce sosai rana bata taɓa shi sai can da yamma kaɗan. Burina irin manyan nan ne da nake gani a hoto wanda ganye ɗaya ya fi faranti faɗi, amma nawa wlh har yau ko gwiwata basu kai ba, ganyen kamar tafin hannu, kuma duk ya huhhuje kamar an bi shi da allura. Bara na tone ɗaya na raba ta gida 3 don ance rabawa na sa ta ƙara ƙarfi, toh bana ma sai ta fito ƙarama fiye da da. Ina zuba taki ina ban ruwa sau ɗaya ko biyu a sati. Abin na damuna gsky don wajen nan babu abin da ke yi a cikinsa, ita na sa wa rai.

Dattijon_Lambu:
Wa alaikumussalam Hajiya. Kafin komai, wane iri ne kika dasa? Don hosta iri dubbai ne, akwai wadda ko shekara 20 tayi ba zata wuce tsayin hannu ba, haka Allah ya yi ta. In manya kike so sai kin nemi irin manya da sunansu, kamar Empress Wu wadda tsayinta kan haura mita 1 faɗinta ya kusa mita 2, ko Sum and Substance mai ganye ruwan ɗorawa-ɗorawa, ko Blue Angel, ko Sagae. Na biyu kuma haƙuri, waɗannan manyan sai sun shekara 5 wasu har 6 a waje ɗaya ba a taɓa su ba kafin kiga ainihin girmansu. Rabawar da kika yi ita ta mayar da ke baya, duk sanda aka tone ta aka yanka saiwar kamar an sake sabon lissafi ne daga farko. Mai son yawa shi ke rabawa, mai son girma barinta yake.

Uwar_Furanni:
Ikon Allah, ashe da hannuna na ja ta baya. Takardar da tazo da ita na nan na duba yanzu, Sum and Substance ce Baba.

Mai_Shebur:
Toh Yaya iri kam kin dace, irin manya ce. Ni a ganina bishiyar nan ce matsalarki ba inuwar ba, don abin da ya faru dani kenan. Na dasa tawa ƙarƙashin wata bishiya da ake kira maple, shekara biyu tana nan jiya i yau, ranar da na gaji na sa shebur na tona sai na tarar ramin da na cika da taki mai kyau duk ya zama kamar soso, ƙananan jijiyoyin bishiyar sun shige sun cika shi tam sun naɗe saiwar hostar, ƙasar kuwa a bushe ƙamas alhali jiya na ba ta ruwa. Wato duk ruwa da takin da nake zubawa bishiya nake ciyarwa ban sani ba. Ki gwada, gobe da safe bayan kin yi ban ruwa yau ki tura yatsa cikin ƙasar har ya nutse, in kika ji a bushe to kin gano ɓarawon.

Abin da nayi shi ne na matsar da ita gefen katanga inda take samun ranar safe kamar awa 3 sannan inuwa daga hantsi zuwa yamma, na haƙa rami mai faɗi sosai ba mai zurfi ba don saiwarta gefe take bazuwa, na cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen ganye da takin da ya gama ruɓewa. Kuma ki sani ita hostarki irin masu son ɗan haske ce, a inuwa mai duhu ba zata mutu ba amma girman a hankali zai zo kuma launin ya tsaya kore. Masu shuɗin ganye irin Blue Angel su ne ke son inuwa sosai, don shuɗin nan wani kakin ne a saman ganyen, rana mai zafi na narkar dashi ya koma kore. Ranar yamma da kika ce tana taɓa ta ma ita ce mafi sharri, ita ke ƙona bakin ganye.

Ruwa kuma kar ki riƙa yayyafi, ki ajiye tiyo a gindinta yana zuba a hankali har ƙasa ta jiƙu can ciki, kamar ruwa mai zurfin santimita 2 da rabi a sati shi ne mafi ƙaranci, lokacin zafi ki ƙara. Babban ganye ruwa ne ke yin sa. In ba halin matsar da ita, ki sa ta a babbar tukunya mai huji a ƙasa ki ɗora kan bulo don jijiyar bishiya kar ta shiga ta hujin.

Ƴar_Inuwa:
Maganar hujin ganye kuma dodon koɗi ne da ɗan uwansa marar ɓawo, da dare suke fitowa shi yasa baki ganinsu. Ki ɗauki tocila bayan isha ki ɗaga ganyen zaki sha mamaki, ni tsincewa nake da hannu in zuba a ruwan sabulu. Akwai maganinsu ƴan ƙwayoyi-ƙwayoyi mai sinadarin iron phosphate, ki barbaɗa tun toho na leƙowa daga ƙasa kafin ganye ya buɗe, don ganyen da ya huje a farkon shekara haka zai zauna har sanyi. In zaki rufe ƙasa da ɓawon itace ki bar tazara a wuyan shukar kar ya taɓa ta, yana jawo ruɓa. Sannan in kina da kare ko mage ki kula, cin ganyen na sa su amai da gudawa.

Dattijon_Lambu:
Na manta abu biyu. Hosta asalinta daga Japan da Koriya da China ne, tana buƙatar sanyin hunturu na makonni tayi barci, ganyen ya mutu gaba ɗaya sannan ta farfaɗo, kar ki ɗauka ta mutu ki tone. Sai cutar nan Hosta Virus X, in kika ga launi na malalowa a gefen jijiyar ganye kamar tawada a takarda ko ganyen ya yi ƙuraje ya murɗe, bata da magani, cire ta ake a zubar. Ta ruwan jikin shukar take yaɗuwa, don haka ki wanke wuƙa da shebur da bilic tsakanin shuka da shuka, kuma Sum and Substance na cikin waɗanda aka sha samunta a jikinsu.

Uwar_Furanni:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na tura yatsa ɗazu, a bushe take kamar ba jiya na jiƙa ta ba. Wadda ban raba ba ita zan mayar gefen katangar gabas da zarar zafi ya sauka, ƙananan 3 ɗin kuma tukunya. Malam Mai_Shebur tazara nawa zan bari tsakaninta da katangar?

Mai_Shebur:
Ki bar mita 1 cif Yaya, yanzu zaki ga kamar fili ya yi yawa amma zata cike shi.